Shekarar da Muka Haɗa Mai Hanci

Na sha jin kuna gaya wa 'ya'yanku cewa na bar aikin gwamnati a Gusau ne saboda na yi faɗa da yayana, Alhaji Mustafa. Ba haka aka yi ba. Ni da shi ba mu taɓa ɗaga wa juna murya ba, kuma aikin da kuke cewa na bari ko kujerarsa ban taɓa zama a kai ba. Abin da ya shiga tsakaninmu mota ce, wadda manyanku suka tashi suka gani a ƙofar gida, ƙananan kuma sai dai labari. Tun da Allah ya bar ni da sauran ƙarfi da hankali, bari in faɗa muku yadda aka yi.

Gidanmu a Kaura gidan karatu ne. Kakanku, Malam Usman, ya tsufa yana ba da darasi a zaure, kuma duk namijin da aka haifa a gidan an san inda zai ƙare, ko malami ko ma'aikacin ofis. Ni ma haka na bi, ina koyar da Larabci a firamare. Sai dai tun ina yaro, da an tashi daga allo sai in sulale zuwa tashar jirgin ƙasa in tsaya ina kallon masu gyara suna kwance ƙarafa. Da na girma sai garejin abokina Garba, a bakin hanyar Shinkafi, ya zama wurin hirata. Da an tashi daga makaranta sai in tuɓe babbar riga in rataye a ƙusa, in karɓi sifana. Kakanku ya sani, amma ya ɗauke shi kamar wata larura da za ta wuce.

Da aka ba mu jihar Zamfara, duk mai takarda ya fuskanci Gusau, Yaya Mustafa kuwa yana cikin na farko. Bayan 'yan shekaru aka ƙaddamar da Shari'a. Ba ku ga murnar da aka yi ba. A saman babbar mota muka tafi Gusau, mutum kan mutum, ana ta kabbara har muryata ta dushe. Ba a daɗe ba Yaya ya zo gida da albishir: ana neman waɗanda suka haɗa Larabci da boko a wani sabon ofis, ya kuma ba da sunana. Kakanku ya yi ta sa masa albarka. Aka ce in shirya, kafin damina ta kankama za a kira ni.

A daidai lokacin ne aka hana mata hawa kabu-kabu a bayan namijin da ba muharraminsu ba. A cikin gari abin bai yi zafi ba, domin an samar da motocin haya na mata. Amma uwarku Hauwa'u 'yar ruga ce, daga can bayan Zurmi, wajen Birnin Tsaba, inda mota ba ta shiga sai babur. Mahaifiyarta, Inna Dije, da sauran matan rugar da nono da man shanu suke riƙe gidajensu, kuma babur ne ke kai su kasuwar Zurmi. Yanzu sai suka koma tafiya a ƙasa da ƙwarya a ka, su isa kasuwa ta fara watsewa, rana ta riga ta ɓata nonon. Inna Dije ta zo mana ziyara, uwarku ta ɗora ruwan zafi tana gasa mata ƙafafu da suka kumbura. Na tambaye ta ko tana jin haushin dokar.

"A'a, Malam," in ji ta. "Dokar Allah ce, mun karɓa. Ƙafafuna ne dai ba a yi shawara da su ba."

Muka yi dariya, amma maganar ta zauna mini a rai. Damina na tafe, akwai kuma gulbi tsakanin rugarsu da Zurmi.

Ana cikin haka na raka Garba kasuwar Shinkafi neman kayan gyara. Muka ratsa ta bayan gidan wani dillalin hatsi, sai ga wata tsohuwar jif a zaune a kan duwatsu, ba taya, ba kujera, ba gilashi, wata akuya tana kwance a inda direba ke zama. Muka ɗaga murfin gaba muka tarar da rami kawai, domin an daɗe da cire injin an kai shi wurin niƙa. Ni na riga na juya, amma Garba ya kori akuyar, ya kwanta ya shige ƙarƙashi da sifana. Ina jin yana ƙwanƙwasa ƙarfen yana saurare, daga gaba har baya. Da ya fito, kansa duk yana da yanar gizo-gizo, yana murmushi. Ya ce shasinta, ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da jikinta, ko tsatsa bai ci ba, giyarta na nan, har da wadda ke sa tayu huɗu su ja tare, wadda direbobi ke kira oziliri. Ya ce in aka samu inji, wannan abar za ta hau inda jaki ke tsoro. Tun a wurin na ga matan rugar zaune a bayanta tun ba ta da ƙafa.

Albashin malamin firamare ba ya sayen mota, ko mushenta. Na dawo gida na ba uwarku labari, ba don ina neman komai a wurinta ba, don dai na kasa yin shiru. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce akwai bijimin da mahaifinta ya ba ta lokacin aurenmu, yana can ruga yana cin ciyawa ba ya yi wa kowa aiki, a kai wa dillalin a ga ko zai karɓa. Ya karɓa da sauri, kamar yana tsoron kada mu farka. Aka ɗora gangar jikin a kan motar hatsi aka sauke ta a garejin Garba, mutane suka taru suna tambaya ko kejin kaji za mu yi.

Labari ya kai zaure kafin ni. Kakanku ya sa aka kira ni bayan la'asar, ya sallami almajiransa manya, ya bar ni a durƙushe na ɗan lokaci. Na yi masa bayanin matan ruga da nonon da gulbin. Bai ce na yi daidai ba, bai kuma hana ni ba.

"Kadiri," ya ce, "wagga mota taka, na ji an ce da tarkace za a haɗa ta. To, kowane ƙarfe da za ka ɗaura mata, in san mai shi, in kuma san ya ba ka da yardatai. Ba a yi Shari'a a gari ba sannan ɗana ya dinga yawo bisa kayan da ba a san asalinsu ba."

Na ce na ji, na kuwa ɗauka sharaɗi ne mai sauƙi. Ashe shi ne zai fi ɗaura injin wuya.

Injin a kusa da Kasuwar Daji muka same shi. Wata a-kori-kura ce ta kife da lodin albasa, jikinta ya murƙushe, Allah ya tsare ba wanda ya rasu, injin kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Na gas ne, ba na fetur ba, abin da Garba ya fi so ke nan, domin ya ce ba ya tsoron ruwa kamar na fetur kuma ba ya shan mai da yawa. Mai motar ya rantse ya gama da harkar mota har abada, ya bar mana shi da arha. Sifirin da ke rage girgiza muka kwance daga wata tsohuwar babbar mota a Zurmi, bayan na bi magadan mai ita gida gida. Tayun na tirelar tarakta ne, masu manyan haƙora. Kujerun baya benci biyu ne da kafinta ya yi mana, rufin kuma tamfol ɗin wani mai sayar da goro. Duk abin da na samo sai in je zaure in faɗi sunan mai shi da garinsu. Kakanku ya kan gyaɗa kai kawai, wani lokaci ya ce ya san uban mutumin.

Babban aikin shi ne haɗa inji da giya waɗanda ba ƙasa ɗaya aka ƙera su ba. Ramukan noti na wannan ba su dace da na wancan ba ko ɗaya. Garba ya shafa baƙin mai a bakin giyar, ya manna kwali a kai, ramukan suka fito ɓaro-ɓaro. Ya yi haka a bakin injin. Muka ɗora kwalayen a kan wani faranti na ƙarfe mai kauri, muka yanke, muka huda, muka goge. Na farko ya karkace. Na biyu rami ɗaya ya kauce da kaurin farce, muka zubar. Hannuwana suka yi kanta har yara a aji suna kallon yadda nake riƙe alli. Ranar da na ukun ya zauna, notuna suka shiga ɗaya bayan ɗaya ba tare da an dake su ba, ni da Garba muka tsaya muna kallon juna muna dariya kamar waɗanda aka yi wa haihuwa.

Da muka rataya injin a reshen bedi da sarƙa muka sauke shi cikin ramin, sai wata matsalar ta fito. Ya fi ramin tsawo. Ya shiga, amma bai bar wurin lagireto ba, tankin ruwan da ke sanyaya inji. Garba ya zagaya motar yana tauna goro, daga ƙarshe ya ce tun da ciki ya ƙi, a ɗaura shi a waje. Muka yi masa keji da ƙarafan taga, ya turo gaba kamar hanci. Yaran unguwa ne suka fara ce mata Mai Hanci, sunan kuma ya bi ta har ta mutu.

Lagireton nan shi ya ci mana lokaci. Na farko a kasuwa na saye shi wurin wani baƙo, mai kyau, kusan sabo. Da na je zaure, kakanku ya tambayi inda baƙon ya samo shi, na ce ya ce mini daga wajen iyaka aka kawo. Ya tambayi wurin wa, na ce ban sani ba. Ya ce in mayar. Na roƙe shi, na ce mun riga mun yi walda daidai girmansa, ya buɗe littafinsa ya ci gaba da karatu. Haka muka yanke kejin, na jira kasuwa ta zagayo na mayar wa baƙon abinsa. Kafin mu sami wani wurin wani mai injin niƙa a Shinkafi, hadari ya fara haɗuwa a gabas, saƙon Yaya kuma ya fara zuwa cewa an soma kiran mutane.

Ranar da muka tayar da ita ba zan manta ba. Ba mu sa salansa mai rage ƙara ba tukuna. Garba ya aro batir, ya ce in zauna a sitiyari tun da bijimin gidana ne. Na yi bisimilla na murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi shiru. Na sake, ta sake tari. A karo na gaba sai ta ɗauka da wata irin ƙara da ta tayar da tattabarun unguwar gaba ɗaya, baƙin hayaƙi ya turnuƙe garejin, ƙarfen da nake zaune a kai yana rawa har haƙorana na haɗuwa. Masu shayi da masu faci suka bar sana'arsu suka rugo. Murna ta sa na manta cewa ba mu gama daidaita kuloci ba. Na sa giya, Mai Hanci ta yi tsalle ta ɗauke rumfar Garba da hancinta, ta tafi da ita a ka har bakin titi kafin in sami birki. Garba ya biyo ni a guje, yana dariya har yana riƙe ciki, ya ce rumfa a yi wata, shi dai ya ga tana ja.

Bayan kwana kaɗan Yaya Mustafa ya zo da kansa. Bai tarar da ni gida ba, aka nuna masa gareji. Ya tsaya daga nesa cikin farin yadi don kada mai ya taɓa shi, ni kuma na fito daga ƙarƙashin mota. Ya ce farkon mako ne ƙarshe, in ban bayyana ba za a ba wani. Ya ce ya shiga ofisoshin da bai saba roƙo a cikinsu ba saboda ni. Na nemi a ɗaga mini zuwa bayan damina, ya ce ba gonar gidanmu ba ce. Na ce ya ba ni zuwa la'asar.

Na koma gida na tarar da uwarku tana tankaɗe. Na faɗa mata. Ta ce kada in sa bijiminta cikin lissafina, ta riga ta bayar, ko na tafi Gusau ba za ta taɓa tayar da maganar ba. Na zauna a bakin rijiya ina tunani. Na san in na tafi, motar za ta koma mazaunin akuya, domin Garba na da iyalin da zai ciyar, ba zai bar gareji ya koma jigilar nono ba. Na kuma san, in faɗa muku gaskiya, ba tausayin Inna Dije kaɗai ke riƙe da ni ba. Ina son motar nan. Tunda nake ban taɓa yin wani abu da hannuna ya tashi ya yi tafiya ba sai ita.

Na sami Yaya a ƙofar zaure zai shiga motarsa, na ce masa ya yi haƙuri, ba zan zo ba. Ya dube ni, ya dubi baƙin man da ke cikin faratana.

"Ka yi shawara da Malam?"

"Ban yi ba, Yaya. Na san in ya ce in tahi, sai na tahi."

"To, Allah ya ba da sa'a," ya ce, ya rufe ƙofa.

Iyakar abin da ya faru ke nan. Amma ya ji ciwo, kuma yana da gaskiya, don na kunyata shi a gaban mutanen da ya roƙa. Shekaru muka yi gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Wanda aka ba kujerar ya yi gida a Gusau, 'ya'yansa suka yi makarantun da ban iya kai ku ba. Wannan ku ya shafa fiye da ni, na kuma sani. In za ku ji haushin wani, ni ne, ba baffanku ba.

Kakanku bai ce mini komai a kai ba. Saƙo kawai ya aiko ta bakin uwarku, cewa in har mata zan ɗauka, a sa labule tsakanin direba da baya, ita kuma ta zauna a gaba kusa da ni. Ta ɗinka labulen da tsohon zanenta. Garba ya ƙara wata dabara, ya samo bututun famfo ya jawo numfashin injin ya ɗaga shi sama ta gefen gilashi, don kada ta shaƙi ruwa.

Muka tafi ruga ana gobe kasuwar Zurmi, lokacin gulbin bai wuce gwiwa ba. Muka kwana can, aka kuwa kwana ana ruwa. Da safe mata suka fito da ƙorai an rufe da faifai, suka tsaya nesa suna kallon hancin. Inna Dije ce ta fara hawa, ta zauna ta rungume ƙwaryarta, sauran suka biyo baya har benci ya cika, wasu suka zauna a ƙasa. Uwarku ta ja labule, ta koma mai ba da umarni, tana faɗa musu da Fulatanci inda za su riƙe. Hanyar ta zama taɓo, amma tayun nan suna cizon ƙasa suna watsa laka har saman tamfol. Muka wuce masu babura suna turawa, suka tsaya baki buɗe.

Da muka iso gulbi sai na ga ba wanda muka ƙetare jiya ba ne. Ya yi ja, ya faɗaɗa, yana tafe da karan dawa da rassa. Na sauka na yanki sanda, na shiga da ƙafa ina gwadawa, ruwa ya kawo mini ƙugu a tsakiya, ƙasan kuwa yashi ne mai tauri. Na dawo na gaya wa uwarku cewa ina ganin za ta iya, amma ban taɓa gwadawa ba, duk wadda ke tsoro ta sauka in fara ƙetarawa ni kaɗai. Ta ɗaga labule ta faɗa musu. Sai na ji muryar Inna Dije.

"Ce masa ya tahi. In ya ƙetare shi kaɗai, wa zai ba da labari a ruga?"

Na ja sandar oziliri, na ji ta kama, na yi bisimilla muka gangara. Hancin ya nutse, ruwa ya taso ya rufe shi, ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya lulluɓe mini ƙafafu. A baya na ji mata suna salati, uwarku ta ce duk sun ɗora ƙorai a ka. A tsakiya igiyar ruwa ta ture gindin motar gefe, na ji tayun baya sun saki ƙasa. Na tuna Garba ya ce kome ya faru kada in ɗaga ƙafa daga totur. Na danne. Tayun gaba suka kama yashi, suka ja, suka sake ja, injin yana gurnani ta cikin ruwa, sai ga hancin ya ɓullo yana zubar da ruwa ta kowane rami. Ta hau gangaren can ƙetare kamar ba ta ɗauko kowa ba. Guɗar da matan nan suka yi har yau ina jin ta a kunnena. Ni kuwa na kasa sakin sitiyari, sai da uwarku ta taɓa ni ta ce in duba, ko cokali ɗaya na nono bai zube ba.

Muka shiga Zurmi ana cikin kafa rumfuna. Kafin azahar ƙorai sun koma wayam, matan suna yawo cikin kasuwa suna sayen gishiri da atamfa a natse. Matan wasu rugage suka kewaye uwarku suna tambayar ranar da za mu bi ta wajensu. Muka mayar da su da yamma, ruwa ya ɗan janye, washegari muka kamo hanyar Kaura.

Ban ko wanke laka ba aka ce kakanku na kira, kuma ya ce in zo da motar. Na tsayar da ita a ƙofar zaure na kashe. Ya fito yana dogara sanda, abin da bai cika yi ba a lokacin darasi. Ya zagaya ta a hankali, ya taɓa labulen, ya leƙa kejin hanci. Sannan ya ce gobe in tafi Gusau in ba yayana haƙuri, kuma a motar haya, kada in je masa da wannan. Na ce to. Na ɗauka ya gama, sai ya nuna murfin injin da sanda ya ce in tayar ya ji.

Na murɗa makulli ta ɗauka. Ya tsaya ya runtse ido ya karkata kai, yadda yake yi in ɗalibi na kawo masa hadda. Ya daɗe a haka, ɗalibansa sun cika ƙofar zaure suna kallo. Can ya buɗe ido.

"Muryarta na da kyau," ya ce. "Amma akwai inda take cin harafi. Ka gaya wa Garba."

Ya juya ya koma ciki. Da safe na kai ta gareji na faɗa wa Garba, ya yi dariya, amma ya ɗaga murfin ya kasa kunne. Noti ɗaya na bututun mai ne ya saki a gulbi. Ya ɗaure shi, ni kuma na sa babbar rigata na nufi tashar motar Gusau.